Zumunta a Ƙafa Ta Ke

An roƙe mu mu faɗi wani abu a kan zamanmu na Abijan, cikin ƙasar Kwaddibuwa. Da fari mun so mu ba ku labarin birnin kaɗai, da gadojinsa da kasuwanninsa, gama wannan ba shi da nauyi a baki. Amma da muka yi shawara a junanmu, muka ga ya fi kyau mu gaya muku abin da ya same mu can, tun da ya ke ba a rasa wani a cikinku wanda ya zo da fara'a a fuska, zuciyarsa kuwa tana ɗauke da kaya.

Mu biyu ne, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, daga ƙasar Maraɗi. Mun sauka Abijan cikin shekarar 1988, muna samari. Wanda bai taɓa zuwa ba, bari mu kwatanta masa wurin kaɗan. Akwai wani babban tafki da a ke kira Ebiriye, shi ya raba birnin. A arewa, bisa tudu, akwai unguwar Ajame, inda tashoshin mota su ke. Baƙon da ya fito daga arewa, can ya kan fara sa ƙafa. A kudu, cikin tsibiri, akwai Tireshbil, wadda Faransawa su ke rubutawa Treichville, da sunan wani mutuminsu Treich-Laplène. Can tashar jiragen ruwa ta ke, da tashar jirgin ƙasa, da babbar kasuwa. Tsakaninsu kuma Filato, unguwar ofisoshi da dogayen benaye. Tun da aka haƙa mashigar Biridi a 1950, manyan jiragen teku suka sami hanyar shiga tafkin, sai mutanen ƙasarmu suka yi ta kwarara, Adarawa da Zabarmawa da Gobirawa, waɗansu dako, waɗansu tireda, waɗansu gadi. Har wani Bafaranse, Jean Rouch, ya yi fim a 1958 a kan zaman 'yan ci-rani a Tireshbil. Ɗan dakon da ya fito a ciki, Umaru Ganda, shi ne daga baya ya zama sanannen mai shirya fim a Nijar. Mu dai mun tarar da hanya a share.

Bisa ga al'adar fatake muka sauka hannun mai gida, wani dattijo Ba'adare a Ajame, dillalin goro. Alhaji ne. Ya san addininmu ba ɗaya ba ne tun ranar fari, bai kuwa taɓa ɗauko zancen ba. Ya ba mu ɗaki, ya tsaya mana har muka sami rumfa a kasuwar Tireshbil, muna sayar da atamfa. Kowace safiya mu kan shiga mota mu ratsa Filato, mu haye gadar da aka buɗe a 1957, da yamma mu komo. Shekara shida muna haka, muna aika wa tsohuwarmu abin da ya samu.

Sa'an nan wahala ta zo, ba ta kuwa zo gaba ɗaya ba. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da a ke saye sefa 50 ya koma 100. Atamfar Holan da mu ke sarowa ta yi tsada, masu saye suka ragu. Muka fara karɓar kaya bashi daga hannun wata mata 'yar Togo, babbar 'yar kasuwa, muna biya in mun sayar. Shekara uku muna lallaɓawa. A 1997 gobara ta cinye kasuwar Tireshbil. Da muka iso babu abin ɗauka. Kayan da ke cikin rumfar kuwa, kashi biyu cikin uku na matar nan ne. Ba a yi wata biyu ba saƙo ya zo daga gida, tsohuwarmu ta rasu, har an yi jana'iza. Ko kuɗin motar da za mu je mu karɓi gaisuwa ba mu da shi.

Ba ma jin daɗin faɗin abin da ya biyo baya, amma shi ne ya kawo mu gabanku. Muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa. Wata huɗu ba mu haye gada ba. In gari ya waye sai mu kwanta muna kallon rufi. Da dare barci ba ya zuwa. Abinci sau ɗaya a yini, bayan almuru, sa'an da ba mai gane fuskarmu, mu je wurin wani ɗan garinmu mai sayar da garba, watau aceke na rogo da soyayyen kifi, abincin da mutanen Abijan suka sa wa sunan mutanenmu masu sayar da shi. Ya kan zuba mana, ba ya tambayar kuɗi, mu kuwa ba ma iya duban idonsa. Har taron ranar Lahadi muka daina zuwa. 'Yan'uwa sun zo sau biyu, muka yi shiru kamar ba kowa a ɗakin. Mu biyu kuma muka fara cin naman juna. Wa ya ce ƙane ne ya matsa a ƙaro kaya, ƙane ya ce wa ne ya hana a je gida bara, sa'an da tsohuwa ta aiko tana son ganinmu. Duka biyu gaskiya ne, shi ya sa maganar ta yi zafi. Asara dai kowa ya yi ta a kasuwar nan. Abin da ya kwantar da mu kunya ce.

Ran nan da asuba mai gida ya buga ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Samari, ku fito." Muka fito muka durƙusa, muka ce, "Ina kwana, Baba." Bai yi mana ta'aziyya ba, gama ya riga ya yi. Ya ce, "Ina da kaya a Anyama za su Yamai, yaron da ke raka mini ya yi ciwo. Ku biyu za ku." Muka ce, "Baba, ba mu san goro ba." Ya ce, "Hanya za ta koya muku." Daga baya muka ji yaron nan lafiyarsa ƙalau.

Anyama tana arewa da Abijan kaɗan, ita ce matattarar goro. Can muka koyi aikin. A kan zaɓe goro, a ware fari da ja, a ware marsa da ƙanana, a fid da wanda sankara ta taɓa, domin ɗaya ya isa ya ɓata huhu. A kan shimfiɗa ganye, a jera, a rufe, a ɗaure tam. Goro ba ya son iska, ba ya son rana. A kurmi yana zaune lafiya, amma da zarar mota ta wuce Buwake iska ta fara bushewa, sai mai rakiya ya zama kamar mai jego. A yayyafa ruwa, a gyara tamfol, a shinshina huhu ko ya ɗauki zafi. Katiyola, Ferke, Wangolo, a haye iyaka. Banfora, Bobo, Wagadugu, Fada Ngurma, Torodi, Yamai. Wani lokaci mako guda, wani lokaci ya fi, bisa ga halin mota da na masu tsare hanya. Akwai jirgin ƙasa kuma, mun shige shi sau da yawa zuwa Bobo. An fara gina hanyarsa a 1904, ta kai Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Sunanta na dā hanyar Abijan da Nijar, amma ba ta kai Nijar ba. Mutanenmu su kan yi dariyar wannan a cikin tarago.

Daren fari bisa kaya muka yi barci irin wanda ba mu yi ba tun ranar gobara. Ba wani abin mamaki a ciki, jiki ne ya gaji. Amma akwai abu na biyu. A Ajame kowa ya san mu da masu rumfar da ta ƙone. A hanya kuwa mu yaran goro ne kawai, a kan ce mu miƙo jarka, mu riƙe fitila, mu sa waigi a taya. Mutum ya kan huta da sunansa kwana bakwai.

Direban motar Bamoshe ne, iyalinsa suna Abijan. Ba shi da yawan magana. A tafiya ta biyu mota ta lalace a daji bayan Ferke, muka kwana uku muna jiran kayan gyara, muna cin doya gasasshiya. A nan ya gaya mana ya binne 'ya'ya biyu cikin shekara guda. Bai faɗa domin ya nuna nasa ya fi namu ba. Hira ce ta kawo. Mu ma sai muka ba shi namu labari tun daga fari, shi ne mutum na fari da ya ji shi daga bakinmu. A Bobo akwai wata tsohuwa mai tuwo kusa da inda motoci su ke kwana. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Julancinmu kuma na kasuwa ne, amma muna kiranta Inna, ita kuwa in ta hango mu ta kan ɗaga murya ta yi mana faɗa a kan mun rame. A Galmi muka yi aboki, dillalin albasa, gama mota ba ta komowa wofi: goro ya hau, albasa ta sauko. Shi ya fara ba mu buhu biyar mu sayar da sunanmu.

A tafiya ta uku, da aka sauke kaya a Yamai, direba ya ce, "Albasa ba za ta haɗu ba sai bayan kwana biyar. Maraɗi ba nisa daga Galmi." Muka gane abin da ya ke nufi. Muka bi ta Doso, da Dogondutsi, da Birnin Ƙonni, muka isa gida da dare. Muna tsammani za a tsare mu da tambaya. Yayarmu ta fito da fitila, ta dube mu, ta ce, "Kun ci abinci?" Da safe kawunmu ya kai mu kabari. A wurin nan muka roƙi juna gafara, maganar kuwa ba ta sake tashi a tsakaninmu ba.

Sai dai kada wani ya tashi daga nan ya ce mun ce tafiya magani ce ga kome. Mun kusa mai da ita maɓoya. Shekara guda cur muna hawa muna sauka, in mun komo sai mu sauke albasa, mu kwana ɗaya a Ajame, mu gudu Anyama neman wani kaya. Muna dariya, mun yi ƙiba, amma gadar Tireshbil ba mu haye ta ba, bashin matar nan kuwa yana nan yadda ya ke. Mun san mutane a hanyar nan da suka shekara ashirin a haka, ko wane gari suna da aboki, amma akwai titi ɗaya a duniya da ba su iya bi. Direba ne ya tsare mu. Wata rana muna shan shayi a Wagadugu ya ce, "Abokai, ni ina tuƙi domin in koma gida. Ku fa?" Muka ji haushinsa har Banfora.

Da muka iso muka gaya wa mai gida. Ya ce, "Dā ma ina jira." Ya sa babbar rigarsa, ya shiga gaba, muka bi shi har Tireshbil. Matar tana zaune a wata rumfar katako a bakin titi, inda 'yan kasuwa suka raɓa bayan gobara. Muka ce, "Mama, mun zo." Ta daɗe tana dubanmu. Sa'an nan ta yi faɗa, faɗa mai tsawo, mutane suka taru, mu kuwa muna durƙushe. Ta ce nata kaya ma sun ƙone, ninkin namu sau goma, ita ma ana binta. Ta ce ta yi zaton mun mutu, har ta aika a duba asibitoci. Ba ta yafe ko dala ba, ba mu kuwa ga laifinta ba. Aka yanka abin da za mu riƙa kawowa bayan kowace tafiya, mai gida ya zama shaida. Mun gama biya a 2001.

Ranar 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya tashi, ƙasar ta rabu biyu, Buwake da arewa duka suka fita daga hannun gwamnati. Hanyarmu ta rufe, jirgin ƙasa ya tsaya. A Abijan aka rushe waɗansu unguwannin talakawa inda baƙi su ke da yawa. Abokinmu direba yana Bobo da mota, ba shi da halin saukowa. Da tsakar dare matarsa ta buga mana ƙofa, da yara huɗu da ƙunshin kaya a ka. Ya taɓa gaya mata, in wani abu ya faru ta nemi yaran goro a Ajame. Muka bar musu ɗakin, muka koma zauren mai gida. Mai garba ya ƙara kwano. Matar nan 'yar Togo ta aiko da turmi biyu a ɗinka wa yara. Wata uku suna wurinmu, kafin ya zagayo ta Gana ya kwashe su.

Mai gida ya rasu bayan 'yan shekaru. Mu muka raka ɗansa da kayansa har Tawa, muka kwana bakwai ana karɓar gaisuwa tare da mu kamar 'ya'yan gida. Inna ta Bobo ma ta rasu. Jikarta ce a wurin tukunyar, ta san sunayenmu. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, yaranmu ke bin kaya. Da za mu taso, direba ya kira mu daga ƙauyensu, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da ya ji inda za mu ya ce mu gaishe ku, ko da ya ke bai san ko ɗayanku ba. Mutanen Ajame da na Tireshbil su ma suna gaisuwa. Mun isar.