GILAKOMA: KADA A AJIYE MAGANIN IDO SABODA AZUMI

Ɗan'uwa likitan ido da ya yi wa matasa jawabi ya fara da gyara wani kuskure. Ya ce gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, ba jini ne ke hawa ba. Akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa, ba hawaye ba, yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta cushe sai ruwan ya taru, ya riƙa danne jijiyar gani har ta mutu. Galibi ba zafi, kuma ganin gefe ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum ba ya farga. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ita.

Ya kwatanta magungunan da mai gyaran tankin da ya cika: ko ya rage famfo, ko ya buɗe mafita. Timolol yana rage ruwan da ido ke samarwa, haka ƙwayar Diamox. Latanoprost kuwa, wanda ya fito a 1996, wata hanyar fita yake faɗaɗawa, sau ɗaya ake ɗiga shi da dare. Ya ja kunne cewa Timolol na iya tayar wa mai asma ciwonsa, yana kuma rage bugun zuciya, don haka a gaya wa likita tun farko.

A nan ya daɗe. Ya ce maganin ba ya dawo da ganin da ya tafi, abin da ya saura yake tsarewa. Sai dattijo ya yi wata uku yana ɗigawa, ya ce bai ga canji ba, ya ajiye. Wani kuma da Ramadan ya kama sai ya daina, don yana jin ɗacin maganin a maƙogwaro. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, amma likitan ya ce akwai mafita: mai ɗigawa sau biyu ya yi kafin sahur da bayan buɗa-baki. In ya ɗiga ya rufe ido, ya danne kusurwar da ke jikin hanci da yatsa minti biyu, wannan yana tare hanyar da maganin ke bi ya sauka maƙogwaro.

Ya ce wa 'yan'uwa su ne ke sayo wa iyaye magani, su ne ya kamata su lura ko kwalbar na raguwa. Kuma wanda mahaifinsa ke da ita, shi ma ya je a auna shi, domin tana bin jini.

Da aka tambaye shi game da maganin jan ido na kemis, ya ce masu sinadarin sitiyarod a ciki suna tayar da matsin ido in aka daɗe ana ɗigawa, har ga yaro matashi.