Yaron da Ya Zaɓi Lissafi



A nan unguwar New Bell ta Duwala akwai wani yaro, ɗan mai sayar da atamfa, wanda ya ci jarrabawar bakaloriya bana, ya ce shi lissafi zai karanta a Jami'ar Duwala. Lissafi zalla. Mahaifinsa kuwa, da yake tun yaron yana ƙarami yakan ga ya faɗi kuɗin turmi goma kafin a lalubo kalkuleta, so yake ya zaunar da shi a shago.

To, Alhaji uban yaro, a yi haƙuri a saurara. Ilmin hisabi ba baƙo ba ne a gidanmu. Da shi malamai ke raba gado. Da shi ake fid da zakka. Alkawarizmi, wanda ya wallafa littafin aljabara a Bagadaza, ya cika babban sashensa da mas'alolin wasiyya da gado. Namu na gida ma, Shehu Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya yi talifi a kan lissafin hatimi kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Saboda haka, Alhaji, shago ba zai gudu ba. A biya wa yaro kuɗin rajista, a sa masa albarka.

Wassalam.