Rugugin Manyan Motoci da Haƙƙin Mazauna Bakin Titi



Mazauna bakin titin Anka zuwa Gummi sun san rugugin tirela idan direba ya rage gudu da inji, har majiyyaci ya kasa barci. Wasu garuruwan Amurka sun haramta wannan dabara. Mu kada mu yi gaggawar kwaikwayo, gama ita ke hana birki yin zafi ya tsinke. Ruɓaɓɓiyar salansa ce ke tsananta ƙarar. Tun 2009 Nijeriya ke da dokar ƙayyade ƙara, tashoshin mota kuwa na ƙananan hukumomi ne. Saboda haka muna kira ga majalisun Anka, Gummi da Bukkuyum su riƙa bincikar salansa a tasha kafin mota ta tashi.