Sa Wa Keken Chopper Injin Lantarki Ba Tare Da Keta Doka Ba

Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne yadda ake ɗaura wa keke irin wanda ake kira Chopper injin lantarki, da kuma iyakar da doka ta shata wa mai yin haka. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, da yawa daga cikinmu suka shiga neman abin hawan da ba ya shan mai, har wasu suka fara waiwayar tsofaffin kekunan da aka jingine a zaure. Ra'ayin da muke so mu kafa shi ne, iyakar da dokar ƙasar da ta ƙera keken nan ta sa, ita ce kusan iyakar abin da ƙirarsa za ta iya ɗauka, don haka wanda ya ƙetare ta, kafin ya haɗu da ɗan sanda zai haɗu da ƙasa.

Da farko ya kamata mu san keken kansa. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ne ya fito da Chopper a ƙarshen shekarun 1960, ya kuwa ci kasuwa matuƙa a cikin shekarun 1970. An kwaikwayi siffar wasu babura na Amurka ne, watau dogon sirdi mai majingina, da kai mai tsawo kamar ƙahon sa, da sandar giya a tsakanin ƙafafun mahayi. Ƙafarsa ta gaba inci 16 ce, ta baya kuwa inci 20. Wannan ƙira tana da ban sha'awa, amma tana tura nauyin mahayi can baya, shi ya sa gaban keken yake saurin ɗagawa, kansa kuma yakan yi rawa in gudu ya yi yawa. A shekarar 1972 kamfanin ya fito da samfuri na biyu wanda aka gyara don rage wannan ɗagawa, kuma a jikin sirdin akwai gargaɗi cewa ba a yi keken don goyo ba.

To, mu juya ga doka. A Birtaniya an kafa dokar keke mai taimakon lantarki a shekarar 1983, aka yi mata gyara a 2015. Sharuɗɗanta su ne, lalle keken ya kasance yana da feda mai aiki, ƙarfin injin da aka ƙayyade masa na aiki a jere kada ya wuce wat 250, injin kuma ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, sa'an nan mahayi ya cika shekara 14. Abin lura a nan shi ne, keken da aka ƙera musamman domin yara, da zarar an sa masa inji ya haramta ga ƙananan yara a kan titi. Wanda ya cika sharuɗɗan nan ba ya bukatar lasisi ko lamba ko inshora. Wanda ya ƙetare su kuwa, a idon doka babur yake tuƙawa, dole ya yi rajista, ya sami lasisi da inshora, ya sa hular kwano, in ba haka ba 'yan sanda suna da ikon ƙwace abin hawan. A 2024 gwamnatin ƙasar ta nemi jin ra'ayin jama'a kan ɗaga iyakar zuwa wat 500, amma a 2025 ta bar ta yadda take.

Ƙasashen Tarayyar Turai ma a kan wat 250 da kilomita 25 suka tsaya. Amurka ce ta ɗan saki mara, domin dokar tarayya ta 2002 ta yarda da injin da bai kai wat 750 ba, da gudun da bai kai mil 20 a awa ba, watau wajen kilomita 32, kowace jiha kuma tana da nata ƙa'idojin hawa titi. Ke nan abin da ya halatta a wani gari yana iya zama laifi a wani, kuma mai sayar da inji daga ƙasar waje ba ruwansa da dokar garinku. Saboda haka kafin mutum ya kashe kwabonsa, ya je ofishin rajistar ababen hawa na inda yake zaune ya tambayi matsayin irin wannan keke.

Me ya sa aka tsaya a kilomita 25? Masana kimiyya sun nuna cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe kafin a tsaya yana ninkawa sau huɗu. Birkin Chopper kuwa roba ce ke matse gefen ƙafar ƙarfe mai santsi, wadda ba ta kamawa sosai in ruwa ya jiƙa ta. An yi birkin ne domin yaro mai buga feda a unguwa. Idan baligi ya hau, ga nauyin batir, ga inji mai wat 1000 irin wanda ake tallatawa, to an ɗora wa birkin da ƙarafan keken aikin da ba nasu ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Dangane da aikin kansa, wuri uku ake iya sa inji. Na farko a cibiyar ƙafar gaba. Wannan ya fi sauƙi, yana kuma ƙara wa gaba nauyi, sai dai ƙafar ba ta danne ƙasa sosai, tana iya zamewa a kan yashi, kuma dole a ƙara ƙarfen da zai hana sandar injin murɗe mazauninta. Na biyu a cibiyar ƙafar baya, amma a nan ne giyar Sturmey-Archer mai mataki uku take zaune, wanda ya sa inji a nan ya rabu da ita, ya kuma ƙara wa baya nauyi. Na uku a gindin feda, inda nauyi yake sauka ƙasa a tsakiya, giya kuma ta ci gaba da aiki, sai dai ya fi tsada, yana kuma cin sarƙa.

Akwai wani lissafi da mutane kan manta. Ƙafa mai inci 26 tana juyawa wajen sau 200 a minti kafin ta kai kilomita 25 a awa, amma mai inci 20 sai ta juya wajen sau 260. Idan aka ɗauko injin da aka yi wa babbar ƙafa aka ɗaura a ƙarama, gudunsa ba zai wuce kilomita 19 ba. Don haka sai a nemi injin da ya dace da ƙafar, a kuma saka girmanta na gaskiya a cikin na'urar da ke sarrafa gudu, domin da wannan adadi take sanin lokacin da za ta yanke wuta. Haka kuma a haɗa birki da makunnin da ke kashe inji da zarar an matsa.

Saura batir. Wanda yake iya ba da wat 360 na tsawon awa guda zai ciyar da inji mai wat 250 kusan awa ɗaya da rabi, watau tafiyar wajen kilomita 35, wadda ta ishi ɗalibi ko ma'aikaci zuwa da dawowa. A ɗaure shi ƙasa ƙasa kuma wajen gaba, kada a rataya shi a bayan majingina, domin nan ne zai ƙara wa keken halinsa na ɗaga kai. Babban haɗarin batir shi ne gobara. Daga ranar 31 ga Maris 2025 hukumar sufurin birnin Landan ta hana shiga yawancin jiragen ƙasanta da kekunan lantarki waɗanda ba a naɗewa, ta kuma ce kekunan da aka sa wa inji daga baya sun fi saurin kamawa da wuta. Mu da muke cikin zafin rana, kuma muke caji a ɗakunan kwanan ɗalibai, wannan gargaɗi ya fi shafarmu. Araha ba ta ado: a sayi batir daga hannun da aka sani, a yi amfani da cajarsa ta asali, kada a yi caji a bakin ƙofar fita ko lokacin da ake barci.

A ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu ɗaliban sashen injiniya da su ɗauki wannan aiki da muhimmanci, su haɗa kai da masu gyaran keke na bakin kasuwa, su koya musu wannan lissafi, su ma su koyi aikin hannu a wurinsu. Ma'aikatan da ke cikinmu kuwa, waɗanda wata rana tsara ƙa'idojin titi zai iya faɗowa hannunsu, muna fata za su tuna cewa ma'auni uku ne suka raba keke da babur, watau feda da ƙarfin inji da gudu.