Mai Tsara Wa Soja Darasi

Wannan jawabi ne da aka karanta a wurin taron malamai da ɗaliban azuzuwan manya. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.



Idan aka ce soja, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne kaki da bindiga da fareti. Amma kafin kurtu ya riƙe bindiga, sai an koya masa. Kafin a koya masa kuwa, sai wani ya zauna ya tsara abin da za a koyar: wane ne zai zo farko, wane ne zai biyo baya. Wannan mutum shi ake kira mai tsara darasi. Ba ya zuwa fagen fama. Sau da yawa ma ba ya sa kaki. Amma in ya yi kuskure a kan takarda, wani ne zai rasa ransa a daji. Jawabin yau a kan aikinsa ne, da yadda aikin ya bunƙasa a ƙasar Amurka, da abin da ɗalibin ajin manya zai ƙaru da shi.

Yadda abin ya fara

Kowa ya ji labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Shi ne yaƙin da aka kwashi samarin ƙasar nan aka kai su Bama. Amurka ta shiga wannan yaƙi a watan Disamba na 1941. Kafin a gama, mutum wajen miliyan 16 ne suka yi mata aikin soja. Yawancinsu ba su taɓa kwana a bariki ba. Manoma ne, da leburori, da masu shago. Ga jiragen sama, ga tankokin yaƙi, ga na'urorin sadarwa, duk suna jiran wanda zai iya aiki da su. Lokaci kuma babu.

Sai hukuma ta kira malaman makaranta da masanan jami'a. Aka ce su nemo hanyar da za a koyar da mutane masu yawa cikin ɗan lokaci, kuma koyarwar ta zauna. Suka shirya littattafai da hotuna da majigi da jarrabawa. Daga nan tsara darasi ya fara zama sana'a mai zaman kanta.

Kurtun da bai iya karatu ba

A shekarar 1941 rundunar Amurka ta kafa doka: duk wanda bai kai ɗan aji huɗu na firamare iya karatu ba, ba za a ɗauke shi ba. Aka yi ta mayar da ƙarfafan maza gida. Da yaƙi ya yi tsanani, sai aka ga ba za a iya wannan asara ba. Daga watan Yuni na 1943 aka riƙa ɗaukarsu, ana fara kai su ajin karatu kafin sauran horo. Dalili kuwa a fili yake. Soja yana bukatar karanta umarnin da aka manna a allo, da alamun hanya, da gargaɗin da ke jikin akwatin harsashi. Yana kuma bukatar karanta wasiƙar gida da kansa.

Cikin waɗanda suka shirya wannan karatu akwai wani malamin jami'a mai suna Paul Witty. Shi da abokan aikinsa ba su ɗauko littattafan yara suka miƙa wa magidanta ba. Sun duba kalmomin da soja ke ji kullum a bariki, suka gina darasi a kansu. Suka ƙago labarin wani kurtu, Farabiti Pete. Littafin yana bin sa daga tashin asuba har kwanciya. Yana nuna yadda yake rubuta wasiƙa gida. Lissafi ma da albashinsa aka koyar da shi: nawa ya karɓa, nawa ya kashe, nawa ya rage. Aka kuma riƙa buga musu wata ƙaramar jarida mai sauƙin karatu, mai hotuna, domin kada abin da suka koya ya gudu.

Cikin mako 8 zuwa 12 akasarinsu suka iya karatu da rubutu da lissafi gwargwadon bukata. Fiye da mutum 250,000 ne suka ci jarrabawa suka wuce. Waɗannan su ne mutanen da a da aka ce ba su da amfani. Ashe gemu ba ya hana ilmi. Abin da suka rasa tun farko shi ne darasin da ya dace da su.

Matakai biyar na aikin

Bayan yaƙi masana suka ci gaba da bincike. Ɗaya daga cikinsu shi ne Robert Gagné, wanda ya daɗe yana aiki da sojojin sama. Ya nuna cewa maimaici kaɗai ba ya isa. Dole a fasa babban aiki gida-gida, a san wane gida ne ke ɗauke da wani, sannan a koyar daga tushe. A shekarar 1975 Jami'ar Jihar Fulorida ta tsara wa sojojin Amurka wannan aiki a matakai biyar. Makarantu da kamfanoni da yawa sun ari tsarin. Ga matakan.

Na farko, bincike. Mai tsara darasi yakan je wurin tsofaffin hannu, irin su saje da kofur, ya zauna da su. Yakan kalli yadda suke aikin, ya rubuta shi daki-daki. Yakan kuma tambaya: su wa za a koya wa, me suka riga suka sani?

Na biyu, tsari. A nan yake rubuta manufa, kuma manufar tana da ƙafa uku: wane aiki, a wane hali, zuwa wane mizani. Ba zai rubuta cewa soja ya san taimakon gaggawa ba, domin ba a iya auna wannan. Zai rubuta, misali, cewa soja zai ɗaure ƙafar da ke zubar da jini, cikin duhu, jinin ya tsaya cikin minti ɗaya.

Na uku, haɗa kayan koyarwa: littafi, hoto, majigi, jagoran malami. A wannan zamani har da kwamfuta, da na'urar da ke kwaikwayon jirgi ko mota, inda ɗalibi zai yi kuskure sau goma ba tare da ya ji ciwo ba.

Na huɗu, koyarwa. Akan fara gwadawa da mutane kaɗan kafin a baza.

Na biyar, dubawa da gyara. Idan ɗalibai da yawa suka faɗi a wuri ɗaya, ba a cewa daƙiƙai ne. Darasin ake komawa a duba, a gano inda ya yi tsalle, a gyara.

Abin da sakaci ke jawowa

A lokacin yaƙin Biyetnam an raba wa sojojin Amurka wata sabuwar bindiga mai suna M16. Da yawansu ba a ba su kayan goge ta ba, ba a kuma koya musu sosai ba. Har magana ta bazu cewa ita ba ta bukatar guga. Ga shi an canza irin albarushin harsashinta, yana barin datti. Ƙasar kuma ga zafi ga damshi. Bindigogi suka riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, aka yi asarar rayuka. A 1967 majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike. Aka gyara bindigar, aka raba kayan guga. A 1968 kuma aka buga ɗan littafi mai zane-zane, wanda wani gwanin zane mai suna Will Eisner ya yi, yana nuna yadda ake kwance ta, a goge, a mayar. Da an yi haka tun farko, da wasu sun koma gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ajin manya zai ɗauka

Ɗalibin ajin manya ba yaƙi za shi ba. Amma shi ma rubutu yana iya tsare masa rai da dukiya. Akwai ma'aunin maganin feshi a jikin kwalba. Akwai yawan ƙwayar da likita ya ce a ba yaro. Akwai rasit, da takardar bashi da ake cewa a dangwala mata hannu.

Saboda haka, malamai, ku fara da bincike kamar yadda mai tsara darasi ke yi. Ku tambayi ɗalibanku abin da suke so su iya karantawa. Ku kawo buhun taki da katin asibiti cikin aji. Ku koyar da lissafi da kuɗin kasuwa. In rabin aji bai gane ba, a sake hanya, kada a yi faɗa.

Ku kuma ɗalibai, maza da mata, in darasi ya yi wuya kada ku ce kanku ne ya toshe, ku daina zuwa. Ku gaya wa malami daidai wurin da kuka tsaya. Da wannan ne zai san abin da zai gyara. Manoman da suka shiga soja ba su san ko harafi ɗaya ba, cikin wata uku suka rubuta wa iyalansu wasiƙa da hannunsu. Ku ma za ku iya.

Allah ya ba da sa'a, ya ƙara basira, amin. Wassalamu alaikum.