Waiwaye Adon Tafiya: Jawabi a Taron Malamai na Reshen Unguwar Shanu



Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina ko wace ce Gambo Sawaba. Ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce sunan wani asibiti ne a Zariya. Ba ta yi ƙarya ba, kuma laifin ba nata ba ne. Shekaru masu yawa darasin tarihi ya yi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Yanzu da aka dawo da shi, tambayar ita ce: tarihin wa za mu koyar?

Mun iya jero sunayen sarakuna da gwamnoni. Amma yarinyar nan ba ta san cewa kakarta ba ta da ikon jefa ƙuri'a lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960 ba. Sai a 1976 matan Arewa suka samu wannan haƙƙi, bayan Hajiya Gambo ta sha duka da ɗauri a kansa. Ba ta san cewa an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, domin kare mutuncin talaka ba. Haka kuma ba ta san cewa a nan Kaduna gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979 ba.

Mu malamai muna da gado a wannan gwagwarmaya. Malam Aminu Kano alli ya riƙe a Bauchi da Maru kafin ya hau dandalin siyasa. Malam Sa'adu Zungur ma malami ne.

Ba kiran mu shigar da siyasar jam'iyya aji nake yi ba. Abin da nake roƙo shi ne yaro ya gane cewa haƙƙi ba daga sama yake faɗowa ba, kuma wanda bai san yadda aka samo shi ba, cikin sauƙi ake ƙwace masa. Mu kai yara Gidan Arewa, ga shi nan kusa da mu. Mu tura su su tambayi kakanninsu yadda ake karɓar haraji a da.

Sannan mu duba kanmu. Malamin da ya fifita ɗan mai kuɗi a kan ɗan mai tura baro, ko ya bambanta Musa da Bulus, ya rushe darasin tun kafin ya buɗe littafi.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana.