Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Biza Da Matafiyin Jirgin Ruwa



Mai girma Uban Taro, Hakiminmu, Allah ya ja zamaninka. Shugaban Ƙungiya da 'yan majalisarsa. Malamanmu da iyayenmu mata. 'Yan'uwa da kuka taso daga Legas, Fatakwal, Abuja, Kaduna da Kano domin wannan taro, ina yi muku barka da zuwa gida.

Da kwamitin shirya taro ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi a bana, na san abin da kowa ya zata: tsohon hedimasta zai sake kawo kukan ajujuwan da iska ta yaye wa rufi. Wannan kukan yana nan, kuma Magatakarda zai karanta shi a rahotonsa. Ni kuwa na roƙi arziki a bar ni in yi magana a kan tafiya a jirgin ruwa, ko da yake garinmu ko kwalekwale ba ma gani sai rafi ya kawo da damina. Ku yi haƙuri da ni, akwai dalili.

Wani tsohon ɗalibina, wanda Allah ya buɗa masa a wurin aiki, ya yi niyyar faranta wa iyalinsa rai bayan shekara ashirin da aure. Ya biya musu kuɗin mako guda a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum. Ya nemi bizar Italiya, aka ba shi, shi da maiɗakinsa. Suka hau jirgin sama, suka sauka lafiya, suka isa tashar jiragen ruwa ta Jenowa da akwatunansu. A teburin tantance fasinja ma'aikaciya ta buɗe fasfonsa, ta duba, ta kira shugabanta. Bizar da ke ciki ta shiga sau ɗaya ce. Jirgin kuwa zai tsaya a Marsay ta Faransa, da Barsalona ta Sifen, sannan ya tsallaka Tunisiya na yini guda kafin ya komo Italiya. Wannan yini guda ɗin shi ne ya kashe tafiyar. Ya ce shi ba zai sauka a Tunisiya ba, zai zauna a ɗakinsa. Aka ce masa jirgi in ya fita, duk wanda ke cikinsa ya fita, kuma ba shi da takardar komowa. Suna tsaye a bakin tasha jirgin ya ɗaga. Ko kwabo ba a mayar masa ba, domin a cikin sharuɗɗan da ya sa wa hannu bai karanta ba, an rubuta cewa biza alhakin fasinja ce. Da ya zo gaishe ni yana ba ni labari, abin da ya fi ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, kunyar matarsa ce.

Tafiyar ruwa ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda yaran yanzu suke zato. Kakanninmu da suka sauke farali kafin jirgin sama ya yawaita, ta ƙasa suka bi: su ratsa Barno, su shiga Chadi, su keta Darfur har El-Obeid inda akwai jirgin ƙasa, daga nan sai Sawakin ko Fot Sudan, a nan ne suke hawa jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Kakana shekara huɗu ya yi a wannan hanya, yana noma yana ƙwadago yana ƙara gaba. Ko a wancan zamanin sai da takardar alhazai da shaidar rigakafi ake barin mutum ya hau, kuma da yawa daga danginmu da suka zama 'yan Sudan a yau, rashin guzuri ko rashin takarda ne ya zaunar da kakanninsu a can. Haka kuma wani malaminmu a Kwalejin Horon Malamai yakan ba mu labarin yadda ya tafi Ingila karatu a jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, daga Legas zuwa Libaful, kusan mako biyu a kan ruwa. Jirgin ya daina zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila a 1974. A zamanin da malaminmu ya tafi, ɗan Nijeriya ba ya neman bizar Ingila. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ɗora mana ita.

Jirgin da nake magana a kansa yau wani abu ne daban. Ba ya kai ka ko'ina, zagaye yake yi ya komo inda ya taso. Otal ne mai tafiya: a kwana ana tafiya, gari ya waye a wata ƙasa, a sauka a yi yawo, da yamma a koma ciki. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Wato ya fi wasu gundumominmu jama'a. To, a nan matsalar take. Mai tafiya a jirgin sama ƙasa ɗaya ya nufa, biza ɗaya yake nema. Mai tafiya a wannan jirgi yana iya taka ƙasa biyar cikin kwana bakwai, kowace da dokarta. Tun kafin jirgi ya iso tasha, an riga an aika wa jami'an shige da fice jerin sunayen duk wanda ke ciki da lambar fasfonsa. Idan aka sami wanda ba shi da izini, kamfanin ne ake ci tara. Shi ya sa ba sa jiran a je can, tun a tashar farko suke tace mutane, kuma ba sa jin magiya.

Bari in daɗe kaɗan a kan Turai, domin can ne mutanenmu suka fi nufa. A 1985 wasu ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a wani ƙauye na Lukzambur mai suna Shengen, ta fara aiki a 1995, inda suka cire shingen da ke tsakaninsu. Zuwa 2025 ƙasashen sun kai 29. Biza ɗaya ta ishe ka dukansu, na kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, kuma sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Ana karɓar takardu tun ana saura wata shida a tafi, don haka babu dalilin jira sai ya rage mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A jikin bizar akwai wani ɗan gurbi da ke nuna yawan shiga. Ko dai a rubuta 1, ko 2, ko a rubuta MULT, ma'ana shiga babu adadi. Wannan gurbin ne ɗalibina bai duba ba, shi da na koya wa karanta tambaya sau biyu kafin ya amsa! Ɗauki taswirar tafiyar ka bi ta da yatsa, kamar yadda muke yi a darasin labarin ƙasa. Duk inda jirgi ya bar yankin Shengen ya komo, an ci shiga ɗaya. Tunisiya, Maroko, Masar, Turkiyya, Montenegro, duk waje ne. Ingila ma waje ce, tana da bizarta daban, haka Ayalan, ko da yake tana cikin Tarayyar Turai. Norwe da Aisland kuwa ba sa cikin Tarayyar, amma suna cikin Shengen. Wani abin da ke rikita mutane shi ne tsibirai. Tsibiran Kanari suna gefen Afirka, daura da Maroko, amma na Sifen ne, sai da bizar Shengen. Martinik da Gwadalup da Reyuniyon kuwa na Faransa ne, amma ba sa cikin yankin Shengen, kuma bizar da ta kai ka Faris ba lalle ta kai ka can ba. Idan ka je neman biza, ka haɗa da cikakken jadawalin jirgin, ka rubuta a fili cewa mai shiga da yawa kake nema, ka faɗi dalili.

Amurka kuma nata salon daban ne. Yawancin jiragen da ke zagaya tsibiran Karibiyan daga Mayami da maƙwabtanta suke tashi, don haka ko tsibirin da za ka bai nemi biza a wurinka ba, kamar Barbados wadda ɗan Nijeriya ke shiga ba biza, ƙofar da za ka bi ta nema. Akwai kuma wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886 da ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinja tsakanin tashoshinta ba tare da ya taɓa wata ƙasa ba. Su kuwa waɗannan jirage galibi a Bahamas ko Fanama ko Malta aka yi musu rajista. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Siyatil zuwa Alaska, duka biyu a Amurka, dole ya ratse wata tasha ta Kanada, galibi Biktoriya, wani lokaci na 'yan sa'o'i kawai da dare. Saboda waɗannan 'yan sa'o'i sai ka mallaki bizar Kanada, ko da barci kake yi sa'ad da aka tsaya. Sai dai maganar Amurka ta yi mana nauyi a 'yan shekarun nan. A Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar baƙi da take ba 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, sannan a Disamban wannan shekara ta sanar da dakatar da ba mu bizar ziyara daga farkon 2026. Duk mai wannan niyya ya fara binciken inda magana ta kwana kafin ya fitar da sisinsa.

Wannan ya nuna cewa dokar biza ba dutse ba ce, tana sauyawa tsakanin ranar da ka biya da ranar da za ka hau. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai shaida ne: a 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe mana ƙofa, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024. Jiragen da ke tashi daga Dubai sukan zagaya Maskat da Doha da Bahrain su komo, ita ma wannan tana bukatar mai shiga da yawa. Saudiyya ta shiga sana'ar, jirginta mai suna Aroya ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024. Na san akwai waɗanda za su so su haɗa Umara da wannan yawo. Su fara tambaya ko bizar da ke hannunsu ta ba su damar fita Masar ko Jodan su komo Jidda.

A nan gida Afirka ta Yamma, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu kwana 90 ba biza a Ghana da Senegal da Gambiya da sauransu. Amma manyan jiragen nahiyar nan daga Daban da Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka fi tashi, zuwa Mozambik ko Namibiya ko Morishas, kuma Afirka ta Kudu sai da biza.

Akwai wata ribar da ke cikin mallakar cikakkun takardu wadda mutane ba sa tunawa da ita, wato ranar da jirgi ya tafi ya bar ka. Ba ya jiran kowa. A ƙarshen Maris na 2024 wasu fasinjoji takwas, Amurkawa da 'yan Ostareliya, sun makara a tsibirin Sawo Tome, nan kusa da mu, jirginsu ya ɗaga. Suka yi ta bin sa ƙasa bayan ƙasa har Banjul, a can ma bai samu ya tsaya ba, sai a Dakar suka cim masa. Su fasfonsu yana buɗe kusan kowace ƙofa, duk da haka sun sha wuya. Ka ƙaddara kai ne da koren fasfo, an bar ka a ƙasar da izinin yini guda kawai aka ba ka albarkacin jirgi, ko kuma rashin lafiya ta kama ka aka sauke ka asibiti. Gaskiya ne akwai tashoshin da ake yi wa fasinjojin jirgi sassauci a bar su su sauka ba biza, amma sau da yawa sassaucin ya danganta da irin fasfon da ke hannunka. Abin da aka rubuta a takardar talla domin Bature aka rubuta shi. Kada ka karanta ka ɗauka da kai ake.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kowannensu yana iya mayar da mutum gida. Kamfanonin jirage sukan nemi fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar gama tafiya. A bar shafuka fanko, mai yawan tafiya gara ya yi fasfo mai shafi 64. Kowane yaro da nasa fasfo da tasa biza. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasarmu zuwa wurare da dama. Yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A je a yi allurar da gaske, a bar sayen kati a bakin filin jirgi. Sannan a duba inda jirgin sama zai yada zango, domin ɗan Nijeriya yana bukatar bizar wucewa a filayen jiragen Ingila da na Shengen ko da ba zai fita waje ba, sai in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa wannan.

Ina roƙon Shugaban Ƙungiya, tunda muna da 'ya'ya a hukumar shige da fice da ma'aikatar harkokin waje, kuma ga wasunsu ina hange a layi na biyu, a sa sunan mutum biyu daga cikinsu a mujallar baɗi waɗanda ɗan gari zai iya nuna wa jadawalin tafiyarsa kafin ya biya. Wanda kuma ejan ya ce masa kada ya damu, babu bukatar biza, ya ce ya rubuta masa haka a takarda ya sa hannu.

Ɗalibin nawa ya ce in gaya muku ya sake nema, an ba shi mai shiga da yawa, amma maiɗakinsa ta ce ita kam ta yafe ruwa, a kai ta Umara.

Allah ya ja zamanin Hakimi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.